Ranar da Na Kai Kwalekwale Gonar Dawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni ga rikita sunayen jikokina, da ranar da na ja motocin gwamnati, da kwalekwale ɗaure a bayan a-kori-kura, har tsakiyar gonar dawa. Ba wanda ya yaudare ni, ba wanda ya yi mini sammu. Ni na ƙulla abina da hannuna, da yatsu biyu ma kuwa, don a lokacin da su kaɗai na iya buga rubutu.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ba a daɗe da yanke mana jiha ba. Na gama karatun zanen taswira, aka ɗauke ni aikin gwaji a wani ofishin raya noma a Funtua, da sharaɗin sai an ga kamun ludayina kafin a tabbatar da ni. Ni ɗan cikin ganuwar Katsina ne gaba da baya. Sanina da dawa bai wuce in gan ta a kwano an zuba mata miya ba. Garuruwan da nake rubuta sunayensu kullum, su Danja da Kafur da Gozaki, ban taɓa taka ko ɗaya ba. A wurina ɗige-ɗige ne a kan takarda.

Ofishin yana da ɗaki guda da ba a shiga da takalmi, kuma ya fi ko'ina a garin sanyi. A nan kwamfuta take. Yaran yanzu ba za su gane irinta ba. Babu hoton da za ka taɓa, babu abin da za ka ja da yatsa. Baƙin allo ne, da ɗan haske a kusurwa yana ƙifta maka ido yana jira. Sai ka rubuta mata umarni layi bayan layi, ka danna, ka koma gefe. In ka kuskure harafi ɗaya ta mayar maka da gajeriyar amsa mai kama da tsaki. (Manajan ofishin ya sha leƙowa ya tarar na ƙura wa allon nan ido, ya ja ƙofa a hankali don kada ya katse mini tunani. Yawanci a lokacin sunan fayil ne ya ɓace mini.)

Aikinmu a kan hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama yake. A tef suke zuwa, manyan faya-fayai kamar murfin tukunyar biki. Hoton kuwa ba irin na mai hoto ba ne. Ka ɗauka filin dara ne mai gidaje ba iyaka, kowane gida yana tsaye a madadin ɗan yanki na ƙasa, kuma a cikinsa lamba ce maimakon tsakuwa. Inda ƙasa ta yi haske lambar ta hau, inda ta yi duhu ta sauka. Ganye na da tasa lambar, fako na da tasa, ruwa kuwa shi ne can ƙasa, don a idon tauraron ruwa baƙi ne. Mu kuma sai mu umarci kwamfuta ta rarraba gidajen, ta ce nan gona, nan daji, nan ruwa, ta fitar mana da taswira mai launi.

Shugabar ɗakin ita ce Malama Rifkatu, mutuniyar wajen Gozaki, wadda ta taso a makarantar mishan, ta yi jami'a, aka kuma tura ta kwas waje a kan wannan aiki. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma maimaita abin da ta faɗa. Ita ta tsara jerin umarnin da ake bi, ta koya mini su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai guda da ban taɓa ƙauna ba. Tef yakan zo da lahani, zafi ko wahalar hanya ya ci wani sashe, na'ura ta kasa karanta shi. Duk gidan da ta kasa karantawa sai ta cika shi da sifili, wato ba labari. Aikin wannan umarni shi ne ya bi hoton gida-gida, duk inda ya tarar da sifili ya rufe shi, ya fitar da shi daga lissafi. Ga shi da cin lokaci, ka sa shi da hantsi sai bayan azahar, in ma wuta ba ta ɗauke ba. Ladan jiran kuma shi ne taswira ta fito da fararen ramuka kamar tabarmar da gara ta ci.

Na tabbata Malama Rifkatu ta yi mini bayanin abin da zai biyo baya in aka tsallake shi. Ba halinta ba ne ta bar abu rabi. Sai dai ina jin a lokacin hankalina yana kan kujerarta mai juyawa, da yadda zan riƙa zama a kai in ta tafi hutun haihuwa.

Ta kuwa tafi, wajen ƙarshen damina, ta haihu lafiya, ta koma gidan iyayenta wankan jego. Ta bar mini ɗaki da makulli da kujera. Ba a jima ba sabon tef ya iso, Manaja, Alhaji Lawal, ya kira ni ya ce ana neman wuraren da za a buɗe noman rani. Yana son taswirar duk wani ruwa da ke kwance tsakanin Funtua da Malumfashi kafin manya su zo daga hedikwata.

Na zauna na fara bin umarnin. Da na iso layin rufe sifili sai na tsaya na yi shawara da kaina. Wannan ce taswirar farko da za ta fita da sunana a ƙasa. Manya za su gani. Me zai sa in kai musu abu duk ɓula? Na tsallake layin na wuce. Kwamfuta ba ta ce uffan ba. (Halinta ke nan. In harafi ka kuskure ta tsayar da kai, in hankali ka kuskure ta yi shiru ta bi ka.)

Taswira ta fito sumul, ba rami ko ɗaya. Akwai ɗige-ɗigen shuɗi nan da can, na ce kududdufai ne. Amma a can gefen Gozaki ga wani shuɗi shimfiɗe, dogo, mai faɗi, wanda babu shi a tsohuwar taswira. Mai karatu ya riga ni ganewa. Inda tef ya lalace ne, sifili ne reras, kwamfuta kuwa ta duba ta ga babu lambar da ta kai wannan sauka, ta yanke cewa ruwa ne, mai zurfi ma. Ni ban gane ba. Abin da na gani tafki ne, kuma ni na fara ganinsa.

Na naɗe taswirar na nufi ofishin Manaja. Alhaji Lawal mutumin Daura ne, mai natsuwa, shi ma bai daɗe da zuwa yankin ba. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wannan tafki naka kusurwa huɗu gare shi," in ji shi. "Gefensa kamar an ja da rula."

"Ranka ya daɗe, alamar aikin hannu ke nan," na ce. "Wataƙila tsohuwar madatsa ce, ko inda masu aikin hanya suka ɗebi ƙasa ruwa ya taru. Taswirar da muke da ita tun ta zamanin Turawa ce."

"Kuma duk girman nan ba wanda ya taɓa kawo mana labarinsa?"

"Ai amfanin tauraron ke nan, ranka ya daɗe."

Ina jin da mu biyu ne kawai, da ya tura wani ya dubo, magana ta mutu a nan. To amma Malam Tanimu yana zaune a wurin. Shi ne jami'in kiwon kifi na ofishin, mutumin Yawuri, wanda ya tashi a bakin kogi, gwamnati ta ɗauko shi ta ajiye shi inda ruwan da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba. Yana da kwalekwale na ofis kife a bayan gareji, ƙadangaru na shan hantsi a kai. Da ya ga shuɗin nan sai ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, a bar ni in je in auna zurfinsa," in ji shi. "In ya kai yadda nake zato, tarwaɗa da karfasa za su yi a ciki. Mutanen wurin su samu rani, su samu kifi."

Haka aka tsayar da tafiya. Landirobar Manaja a gaba, ni a kusa da direba da taswira a cinya. A-kori-kura a baya, ɗauke da Malam Tanimu da kwalekwalensa da koma da igiyar awo. Na sa sabon kaftanina. (Na kuma ari kamara, don a ɗauke ni a bakin ruwa ina nuna shi da hannu.)

Muka bi ta Bakori, ranar kasuwa ce, mutane suna bin kwalekwalen da kallo har muka wuce. Daga baya muka ratse hanyar ƙasa. Dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, ta fara nuna. Ni kuwa ina duba takarda ina ba direba hanya da muryar wanda aka yanke wa cibiya a wurin. Muka wuce wata majami'a mai rufin kwano, muka wuce wata babbar kuka, na ce tafkin yana bayan tudun can. Muka hau tudun. Dawa. Na ce a ƙara gaba, taswira takan ɗan goce. Aka ƙara gaba. Dawa da wake a ƙarƙashinta, sai wata gonar auduga, sai kuma dawa. Hanya ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma ta ƙafa, direba ya taka burki ya dube ni. Bisa taswirata, a lokacin muna tsakiyar tafki.

Manaja ya sauko ya harɗe hannu a baya. Malam Tanimu ya hau a-kori-kura, ya tsaya a cikin kwalekwalen don ya hango nesa. Ya sa hannu a goshi ya duba gabas, ya duba yamma, ya duba kudu da arewa. Ya sauko a hankali.

Kafin mu yi shawarar juyawa mutane sun fara fitowa daga cikin gonaki, maza da mata, wasu da lauje a hannu. Sai ga mai gonar da muke tsaye a bakinta, wani dattijo da ake kira Baba Ishaya, tare da Mai unguwa, Malam Audu, wanda aka yi wa aike. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali. Mai unguwa ya ce Allah ya sa lafiya. A nan na yi kuskure na biyu. Don in nuna ba yawon banza ya kawo mu ba, sai na warware taswirar a kan murfin mota. Na nuna musu majami'a, na nuna inda kuka take, na nuna shuɗi.

Baba Ishaya ya daɗe yana kallo.

"Wannan shuɗin fa, samari?" ya tambaye ni.

"Ruwa ne, Baba."

"Mu kuma muna ina?"

Na ɗora yatsa a tsakiyar shuɗin.

Ba wanda ya yi dariya. Da dariya aka yi da na ji sauƙi. Mutanen nan sun sha jin labarin garuruwan da aka fara wa da haka, aka zo da motoci da takarda, daga baya ruwan madatsa ya ci gonaki da gidaje. Yau ga motoci, ga takarda, ga jirgin ruwa ma an riga an kawo. Magana ta bi cikin jama'a ƙasa-ƙasa. Wata mata ta sauke ƙwaryarta ta zauna dirshan a ƙasa. Baba Ishaya ya cire hula ya juya wajen Manaja.

"Ranka ya daɗe, in ruwa za a sako mana, a faɗa mana gaskiya," in ji shi. "Mahaifina yana kwance can bayan kukar nan. In ba makawa, a bari dai mu cire amfani."

"Gonakinmu da nasu a haɗe suke," in ji Mai unguwa. "In ya ci su, ya ci mu."

Manaja ya yi rantsuwa cewa babu maganar madatsa, bai taɓa jin ta ba. Ba wanda ya yarda. Ni ma a matsayinsu ba zan yarda da mutumin da ke musun ruwa ba alhali ga kwalekwale a bayansa.

Ana cikin haka jama'a suka dare, sai ga Malama Rifkatu da jaririya a kafaɗa, wata tsohuwa tana biye da ita tana faɗan mai jego ba ta fita. Ashe ƙauyensu ne, Baba Ishaya kuwa mahaifinta. Labari ya iske ta har ɗaki cewa mutanen ofishinsu sun zo cinye gari. (Na san daga wajen Gozaki take. Ban dai taɓa tambayar ta ina a wajen Gozaki ba.)

Ta gaida Manaja, ta dubi kwalekwale, ta sunkuya kan taswira. Ba ta daɗe ba. Ta bi gefen shuɗin da farce daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ta ɗago.

"Ka rufe sifili?" ta tambaye ni a hankali.

"Na ga yana ɓata taswirar ne, Malama."

"Ka rufe, ko ba ka rufe ba?"

"Ban rufe ba."

Ta gyara wa jaririyar kwanciya.

"To, sai ka faɗa musu," in ji ta. "In ni na faɗa za su ce ina rufa wa ofis asiri ne. Kai ka zana, kai za ka goge."

Na dubi Manaja ko zai cece ni. Ya nuna mini matakin mota da haɓa.

Haka na hau, cikin sabon kaftani, da kamarar aro rataye a wuya, na fara jawabi. Na ɗauko daga tauraro, na bi ta tef, na shiga gidajen dara da lambobi. Ina cikin bayanin yadda ruwa yake baƙi a idon tauraro na lura ba wanda ke tare da ni. Mai unguwa ya ɗaga hannu.

"Malam, taƙaita mana. Injin ne ya ga ruwa a nan?"

"A'a. Injin bai ga wurin nan ba sam. Ya so ya bar shi fari, ni na hana shi, shi kuma ya cike da ruwa."

"Me ya sa ka hana shi?"

"Don taswirar ta yi kyau."

"Kai ka taɓa zuwa nan?"

"Yau ne farko."

Baba Ishaya ya mayar da hularsa. Matar nan da ta zauna a ƙasa ita ta fara dariya, ta rufe baki da gefen zani, daga nan ta bazu har wurin direbobinmu.

"Ashe Sarkin Ruwa muka yi baƙo," in ji Mai unguwa. "A kawo masa abin taɓawa."

Aka kawo mana dafaffiyar gyaɗa da kunu. Na ci, don ƙin ci ya fi ci tona asiri. Juya a-kori-kura a wannan siririyar hanya da kwalekwale a bayanta ya zama wani aikin, sai da aka karya wa Baba Ishaya karan dawa da dama, ni ne kuma mai ce wa direba taho, taho. A hanyar komawa Manaja ya ce in koma motar baya, yana son ya miƙe ƙafa. Malam Tanimu bai yi mini magana ba sai da muka iso Bakori, inda 'yan kasuwa suka sake bin mu da kallo, wani ma ya tambaya ko an yi kamu.

"Da ka bar ni da ƙadangaruna," in ji Malam Tanimu. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ba a kore ni ba. An dai ƙara mini wa'adin gwaji, an karɓi makullin ɗaki, ya koma aljihun Manaja sai in na roƙa. Amma magana ba ta mutu a ƙauyen ba. Malama Rifkatu ta aiko cewa waɗanda ba su ga abin da idonsu ba sun ƙi yarda, har wasu na shirin yanke dawa tun ba ta gama nuna ba, gudun kada ruwa ya riga su. Manaja ya ce in sake taswirar yadda ya kamata, in kai da kaina. Na zauna na buga layin nan da na raina, na jira shi har bayan azahar, ya bi gidajen ya rufe sifili kaf. Tafkina ya ɓace, ya bar farin fili mai kusurwa huɗu. Na hau babur ɗin ofis na koma.

Na tarar da su a gindin kuka, Baba Ishaya da Mai unguwa da sauran magidanta. Na shimfiɗa sabuwar taswira a kan tabarma, na nuna cewa babu shuɗi. Baba Ishaya ya duba farin wurin, ya dube ni.

"Wancan karon ka nutsar da mu," in ji shi. "Yanzu kuma babu mu gaba ɗaya?"

Na ce fari ba ya nufin babu su, yana nufin ofis bai san abin da ke wurin ba.

"To ga ka, ga mu," in ji shi. "Tashi mu zaga ka sani."

Muka zaga. Ya nuna mini inda gonarsa ta tsaya ta Mai unguwa ta fara, da jigawar da ba ta son masara, da wani ɗan kwari da ke riƙe laima har tsakiyar rani, wanda daga baya aka haƙa rijiyoyin lambu a cikinsa. Ni ina biye ina cike farin wurin da fensir. Ba a yanke dawar ba sai da ta nuna. Da Manaja ya ga taswirar da fensir a jikinta, sai ya mayar da abin ya zama aikina: duk ramin da kwamfuta ta bari, ni ne mai hawa babur in je in gano abin da ke ciki. Ta haka na san Danja da Kafur da ƙauyukan da ke tsakaninsu, ta haka kuma na iya bambance dawa da maiwa tun suna ganye. Malama Rifkatu ta dawo ta karɓi kujerarta, ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta haɗe umarnin rufe sifili da na gaba da shi yadda ba mai iya buga ɗaya ya bar ɗaya.

Sunan kuwa ya bi ni har na yi ritaya. Na yi shugabanci a wannan ɗaki, na koyar da wasu, amma ko yanzu in na tsaya sayen hatsi a kasuwar Bakori, ba a rasa wani mai furfura da zai ɗaga hannu daga rumfa ya ce Sarkin Ruwa an shigo. Nakan amsa, don sarauta ce da ba wanda ya taɓa nema ya ƙwace mini.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka gano wani babban abu a wurin da mutane ke zaune a kai kaka da kakanni ba su taɓa ganinsa ba, ka fara zuwa kai kaɗai, kada ka gaya wa kowa, kada kuma ka sa sabon kaya. In alheri ne, zai jira ka ka komo da jama'a. In kuwa kunya ce, ta mutum ɗaya tana hawa bayan babur a kai ta gida ba wanda ya gani.